Yadda ake samun biza a kan lokaci domin hutu a jirgin ruwa a Bahar Rum

Mai shirin hutu a babban jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin waɗanda ke tashi daga Barcelona ta ƙasar Sifaniya su zaga gaɓar Bahar Rum cikin mako guda, ya kamata ya fara da karanta jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, tun kafin ya biya kuɗin ɗaki, domin wannan jerin ne zai nuna masa irin bizar da yake bukata. Kamfanonin jiragen sukan duba takardu a ranar shiga, kuma wanda bizarsa ba ta cika ba sukan hana shi hawa ba tare da mayar masa da kuɗinsa ba, ko da ya ce ba zai sauka a tashar da ake takaddama a kanta ba.

Idan jirgin zai bi ta Marseille, Genoa, Palermo da Valletta ne kawai, to Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen (rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya) tare da Sifaniya, saboda haka biza ɗaya ta wadatar wa mai fasfon Najeriya. Matsala tana tasowa ne idan akwai tasha a Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro. Da zarar jirgin ya tsaya a can, an ɗauka matafiyi ya fita daga yankin, kuma bizar shiga sau ɗaya ta ƙare aikinta. Wajibi ne a nemi ta shiga sau biyu ko sau da yawa, a bayyana dalili a wasiƙar da ke rakiyar takardu, sannan a tambayi kamfanin jirgin a rubuce ko ita ƙasar ta waje tana bukatar tata bizar daban.

Ana neman bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuma kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. A jirgin da ke kwana ɗaya a kowace tasha wannan lissafi yakan rikice, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa mutum ya kama otal a Barcelona na kwana biyu kafin tashi. Hakan yana ƙara wa Sifaniya kwanaki a lissafin, yana kuma kare matafiyi daga jinkirin jirgin sama, tunda jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Doka ta ba da damar miƙa takardu tun watanni 6 kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwanaki 15. Ofishin jakadanci yakan yanke hukunci cikin kwanaki 15, amma yana da ikon kaiwa kwanaki 45 idan yana son ƙarin bincike. Abin da ke cinye lokaci shi ne samun ranar ganawa a cibiyoyin karɓar takardu na Abuja da Legas, inda ake ɗaukar hoton yatsu, musamman gab da hutun bazara na Turai. Wanda jirginsa zai tashi a watan Yuli, ya fara neman ranar ganawa a Fabrairu, ya kuma dubi ranar da kamfanin jirgin ya sa don biyan ragowar kuɗi, ya yi ƙoƙari amsar biza ta riga ta zuwa.

Fasfo dole ne ya kasance an bayar da shi cikin shekaru 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma wa'adinsa ya wuce ranar fita daga yankin Schengen da watanni 3, ko da yake kamfanonin jiragen da dama watanni 6 suke nema, don haka a bi nasu sharaɗin. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar, kuma ba a mayar da shi idan an ƙi bayarwa. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, takardar kama ɗaki a jirgi mai ɗauke da sunayen tashoshi, shaidar aiki ko kasuwanci, da bayanan asusun banki. Kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu mako guda kafin ganawa yana jawo shakku fiye da asusu matsakaici da albashi ke shiga kowane wata.

Ranar da fasfo ya dawo, a duba bizar nan take: ranar farawa ta haɗa da ranar sauka daga jirgin sama, adadin kwanakin ya kai har ranar dawowa gida, adadin shiga kuma ya dace da tashoshin. Idan an ga kuskure, a koma cibiyar a ranar, tun akwai sauran lokacin gyara.