Babi na 6: Kumburi da Garkuwar Jiki

Darasi na 1: Layin biro

Ku ɗaga hannunku, ku dubi yatsa ɗaya. A ce jiya sartse ya shige ta. Yau wurin ya tashi, ya ɗauki zafi, ya yi ja, yana zugi, yatsar ma ta ƙi lanƙwasuwa. Alamun kumburi biyar ke nan. Ku ƙirga su da yatsunku: tashi, zafi, ja, zugi, ƙin motsi.

Sartsen ya shigo da ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Nan take ƙananan hanyoyin jini na wurin suka buɗe, jini ya taru, shi ne zafin da jan. Ruwa ya tsattsafo daga hanyoyin, shi ne tashin. Tare da ruwan fararen ƙwayoyin jini suka iso. A cikin ɓargo ake yin su, aikinsu su haɗiye ƙwayoyin cuta. Mugunyar da kuke gani yawancinta gawarwakinsu ne, sun mutu a bakin aiki. Ashe kumburi alama ce ta cewa jiki ya tashi tsaye. Amma wani lokaci cutar kan fi ƙarfinsa, don haka sai mun sa ido.

Ga yadda za ku yi. Ku wanke hannu da sabulu. Ku ɗora bayan hannu a wurin, sannan ku ɗora a daidai wurin a ɗaya gefen jikin, ku ji wanne ya fi zafi. Wannan yana da amfani, domin a fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi.

Yanzu ku ɗauki biro. Ku zagaye kumburin da layi, a bakin iyakarsa, inda fata mai tashi ta haɗu da lafiyayyar fata. A iyaka, ba a tsakiya ba. Kada biro ya taɓa bakin ciwon. Ku rubuta kwanan wata a gefe. Wanda bai gama iya lambobi ba, kada ya ji kunya, ya sa a rubuta masa, sannu a hankali zai iya.

Mu sake. Ina za a ja layi? A iyaka. Gobe da safe ku duba. In kumburin yana cikin layi ko ya ja baya, jiki yana cin nasara. In ya tsallake layi, a tafi asibiti ranar.

Kada ku goge layin. Ina maimaitawa domin na ga abin da ke faruwa: mutum ya yi wanka, ya dirje wurin, ya ja sabon layi a inda kumburin ya kai yau, ya ce ai bai tsallake ba. Haba jama'a! Da me za ka kwatanta? In layin ya dusashe, ka bi kan tsohon da biro. Sau nawa zan faɗa? Layi ɗaya, a iyaka, ba a gogewa.

Darasi na 2: Kaluluwa da zazzaɓi

Ciwo a hannu kan tayar da kaluluwa a hammata, ciwo a ƙafa kuma a matsematsi. A nan fararen ƙwayoyin jini ke taruwa suna tace abin da ya taso daga ciwon. Kada a matse ta.

Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne a ma'aunin Selshiyas. Daga 38 zazzaɓi ne. Ciwo tare da zazzaɓi, ko wani layi ja kamar zare a fata da ke hawa daga ciwon zuwa sama, ba a kwana da shi a gida.

Darasi na 3: Rigakafi

Jiki yana tuna cutar da ya taɓa yaƙa. Allurar rigakafi tana nuna masa kamannin cutar tun kafin ta zo.

Aiki: ku rubuta alamu biyar na kumburi a littafinku.