Ba HDR ke ɓata fuskar kwamfuta ba, halinmu ne

Na gaji da tambaya ɗaya a shagona na haɗa bidiyon biki a Zongo: "Malam, in na kunna HDR fuskar kwamfutata za ta ƙone?" HDR dai tsari ne da ke ƙara wa hoto ƙarfin haske da zurfin launi. Da na ce wace irin fuska gare ka, sai yaro ya yi tsuru-tsuru. Kuskuren farko ke nan. In LCD ce, mai fitila daga baya, har da mini-LED na MacBook Pro ɗin 2021, kwantar da hankalinka. Ko inuwar hoto ta tsaya, takan gushe. OLED ce mai yin tabo, don kowane ɗigo shi ke samar da haskensa, wanda ya fi shan aiki ya riga saura tsufa, shuɗi kan gaba.

Ni kuwa na ji a jikina, da kwamfutata mai OLED. Wata bazara na riƙa aiki a rumfa, rana na kashe ido, sai na bar HDR a kunne dare da rana, na tura ma'aunin hasken SDR na Windows, wato hasken abubuwan da ba na HDR ba, har ƙarshe don in riƙa gani. Sandar ƙasa ta Windows, inda alamomin manhajoji ke jere, da akwatunan manhajar haɗa bidiyo suna wuri ɗaya tun hantsi har magariba, ga zafin Damagaram da ke haura digiri 40 a Afrilu, ga kwamfuta bisa tabarma ba ta samun iska. Kafin damina ta kankama, ko hoton amarya na buɗe sai in ga fatalwar sandar nan a bakin zanenta. Kuɗin canjin fuskar ya kusa sayen wata kwamfutar ta hannu. Kuma har yau ina ganin samari suna wannan wautar, wai su masu sabon kaya, dole haske ya kai maƙura!

Yanzu HDR sai zan kalli fim ko gyara launi, in danna Windows, Alt da B tare. Da na gama in kashe. Ma'aunin SDR ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku a wurina, wasu na cewa ya yi duhu, su suka sani. Sandar ƙasa a ɓoye take, fuskar na kashe kanta bayan minti 3 in ba a taɓa ta ba.

In kwamfuta mai OLED ta fara aikin sabunta ɗigoginta da kanta don rage tabo, kada ka katse ta. Bidiyon YouTube masu walƙiyar launuka da ake cewa suna goge tabo, a OLED ƙara gajiyar da ɗigogin kawai suke yi.