Yadda Ake Rajistar Zaɓe da Kaɗa Ƙuri'a a Kaduna

Duk ɗan Najeriya da ya cika shekara 18 yana da haƙƙin yin rajista a wurin Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, wadda ke da ofis a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Idan an buɗe rajista, ana iya fara cike bayanai a shafin hukumar na intanet, amma dole ne mutum ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, sannan ya adana takardar da aka ba shi har katinsa na dindindin ya fito.

Abin da ya fi muhimmanci a lura da shi shi ne, katin yana ɗaure ne da rumfar zaɓe guda ɗaya. Wanda ya yi rajista a Tudun Wada sannan ya tashi ya koma Rigasa ya bar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ya shiga ta Igabi, kuma tunda ana taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe, komawa tsohuwar rumfarsa zai yi masa wuya. Mafita ita ce ya nemi a sauya masa rumfa tun kafin a rufe rajista, ba ya sake sabuwa ba, domin rajista sau biyu laifi ne a doka.

A rumfa, jami'i zai tantance mai zaɓe da na'urar BVAS ta yatsa ko ta fuska, ya miƙa masa takardar ƙuri'a mai hatimi da sa hannu. Sai ya keɓe ya dangwala a gurbin jam'iyya ɗaya kacal, ya naɗe takardar a hankali don kada ɗanyar tawada ta shafi wani gurbin har ƙuri'ar ta lalace, sannan ya jefa a akwati.

Makaho na iya zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, tsofaffi da masu juna biyu kuwa ana gabatar da su a layi. Kaduna ta yi amfani da na'urar zaɓe ta lantarki a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, amma zaɓen da INEC ke gudanarwa na takarda ne, kuma babu aiko da ƙuri'a ta gidan waya ko wakilta wani ya kaɗa.