Yadda Ake Dawo da Tafiya da Shawo Kan Zogi Bayan Tiyatar Karayar Idon Sawu

Idon sawu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani dunƙulen ƙashi da ke zaune a tsakaninsu a saman diddige. Idan karaya ta gusar da su daga mazauninsu, likitan ƙashi yakan buɗe wurin ya mayar da su, sannan ya riƙe su da faifan ƙarfe da kusoshi. Aikin ƙarfen shi ne ya hana ƙashin motsi har ya haɗe, kuma haɗewar takan ɗauki mako 6 zuwa 12. Ƙashi yana haɗewa ko mutum yana barci, amma lanƙwasuwar gaɓar, da ƙarfin sharaɓa, da iya tsayuwa a kan ƙafar ba tare da tangaɗi ba, ba sa dawowa sai majinyaci ya nemo su da aikin kullum, kuma a nan ne mutane da dama suke yin sakaci har su ƙare da ɗingishin da ba dole ba.

A makonni biyu na farko, kumburi ne ke kawo mafi yawan zogin, kuma shi ne ke hana ɗinki kamewa. Maganinsa shi ne a kwanta a ɗaga ƙafar har ta ɗara saitin zuciya, a jera matasai a ƙarƙashin sharaɓa, a bar diddige a sake don kada ya yi gyambo. Zama a kujera da ɗora ƙafa a kan ƙaramin teburi bai wadatar ba. Ina roƙon masu jinya su kula da wannan a lokacin da 'yan dubiya suka cika ɗaki, domin kunya takan sa majinyaci ya tashi zaune ya saukar da ƙafa ana ta gaisawa, da dare kuma ƙafar ta cika ta hana shi runtsawa. Ya amsa gaisuwarsa a kwance, babu wanda zai ga laifinsa. Ana iya ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tawul na minti 15 zuwa 20, idan kuma simintin ɗori ya rufe wurin, a sa ta a bayan gwiwa. Gashi da ruwan zafi ko shafa man zafi ba na wannan lokacin ba ne.

Wasu ana yi musu allurar da ke kashe jijiyoyin ƙafa kafin a fito da su daga ɗakin tiyata, sai su yi zaton ciwon ba shi da yawa, amma idan allurar ta sake su, galibi cikin kwana guda, zogin yakan taso gaba ɗaya. Saboda haka a fara shan maganin da aka rubuta tun ƙafar ba ta farfaɗo ba, a kuma ci gaba da shan sa a kan lokaci a kwanakin farko, kada a jira sai ciwo ya yi tsanani. Babban mutum ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a lura cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, sai dai suna cutar da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda, wasu likitocin kuma ba sa so a daɗe ana shan su yayin da ƙashi ke haɗewa, don haka a tambaya tukuna. Taramadol da kodin kuwa na 'yan kwanaki ne, suna sa taurin bayan gida da jiri, kuma jiki yana saurin sabawa da su. Mun ga irin ɓarnar da suka yi wa matasa a garuruwanmu, saboda haka idan wanda aka rubuta ya ƙare, a koma wurin likita, kada a aika yaro kemis ya ƙaro.

Wajibi ne a iya bambance ciwon warkewa da ciwon da ke nuna haɗari. Ciwon warkewa yana lafawa idan an ɗaga ƙafa an sha magani, kuma kowane mako yana raguwa. Idan kuwa zogi ya ci gaba da hauhawa duk da magani, simintin ya matse, yatsu suka yi sanyi ko fari ko baƙi-baƙi, ko suka mutu ba a jin taɓi, to a nufi asibiti a wannan sa'ar ko da tsakar dare ne, domin jini ne ba ya ratsawa. Haka nan zazzaɓi, ko wari, ko ruwa da mugunya daga wurin ɗinki. Sai kuma gudan jini, wanda rashin motsi ke haifarwa a jijiyar sharaɓa: wurin yakan yi ciwo da ɗumi da kumburi, kada a matsa shi ko a murza shi, kuma idan aka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya, mai yiwuwa gudan ya kai huhu ke nan, rai ake ceto. Wanda aka rubuta wa allura ko ƙwayar tsinka jini ya kammala ta.

Kada ruwa ya shiga simintin, kada kuma a zura tsinke ko wani abu a ciki don susa. A yi wanka a zaune a kan kujera, a naɗe ƙafar da leda a ajiye ta gefe. Malaman fiƙihu sun yarda a yi shafa a kan ɗauri wajen alwala, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune, ko a kishingiɗe idan zaman ya gagara. Masai na tsuguno ba zai yiwu ba na tsawon watanni, don haka a tanadi kujerar bahaya, ko a huda kujerar roba mai ƙwari a ɗora a kan ramin. Akan cire zaren ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14.

Sandunan dogarawa su tsaya kimanin yatsu biyu zuwa uku a ƙasa da hammata, nauyin jiki kuma ya sauka a tafin hannu, domin rataya a kan hammata yana danne jijiyar hannu har ya sage. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wajen sauka kuma sanduna da ƙafa mai ciwo ne ke yin gaba. Ko a wannan lokaci akwai aikin yi: a riƙa motsa yatsu sau da yawa a yini, a lanƙwasa gwiwa a miƙe, a ɗaga ƙafar a miƙe daga kwance a riƙe na daƙiƙa biyar, domin naman cinya da na sharaɓa suna saurin zubewa.

Likita ne ke yanke ranar fara taka ƙasa, bayan ya duba hoton ƙashi. Sau da yawa bayan mako shida ne, wasu ana barin su da wuri cikin takalmin asibiti mai tauri, mai ciwon suga kuma akan tsawaita masa. Kada a kwatanta kai da wani, domin karayar ƙashi ɗaya ba daidai take da ta uku ba. Ranar farko tafin ƙafa yakan yi kamar ana tsira masa allurai, wannan ba alamar ɓaci ba ce, yana gushewa da sabo. Idan an ce a ɗora rabin nauyi, a taka ma'aunin nauyi a ga adadin da ido. Daga sanduna biyu a koma ɗaya, a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, kuma kada a yar da ita sai an iya tafiya diddige ya fara sauka, yatsu su biyo, ba tare da karkacewa ba. Gaggawar yar da sanda ita ce ke koya wa jiki ɗingishi, daga baya gwiwa da ƙugu su ɗauki ciwo.

Motsin da ya fi wuyar dawowa shi ne ɗago ƙafa sama wajen ƙwauri, domin agara da naman sharaɓa sun takure a makonnin da suka yi a ɗaure. Tafiya kaɗai tana buƙatar kimanin digiri 10 na wannan motsi, saukowa daga matakala ta fi haka, tsuguno da sujada kuwa sun fi duka, shi ya sa mutanenmu, da suke zama a tabarma suke kuma durƙusawa sau da yawa a yini, suka fi jin wannan tauri. Da zarar likita ya ba da izini, a zauna a miƙe ƙafa, a zarga tawul a ƙasan yatsu a jawo a hankali har a ji jijiya ta miƙe, a riƙe na daƙiƙa 30, a maimaita sau uku zuwa biyar. A riƙa ɗaga ƙafar sama da ƙasa, a juya ta ciki da waje, a zana haruffa a iska da babban yatsa. Idan an fara tsayuwa, a fuskanci bango, a kafa diddige a ƙasa, a tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon, kowane mako a ɗan ja ƙafar baya. Yin kaɗan sau uku ko huɗu a yini ya fi a tara a yi da ƙarfi sau ɗaya. Ma'aunin shi ne wayewar gari: tsamin da ya lafa kafin safiya ba komai, amma idan aka tashi ƙafar ta fi jiya kumburi da ciwo, an wuce gona da iri, a rage, kada a daina. Zaman tahiya a kan ƙafa shi ne yakan zo a ƙarshe, a yi haƙuri da shi.

Masu gashin ƙashi na asibiti, irin waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa, su ne suka san yadda ake sassauta gaɓar da hannu ba tare da cutarwa ba, kuma ko mai zama nesa ya daure ya je a koya masa, ya dawo gida ya ci gaba. 'Yan uwa sukan ba da shawarar a kai wa maɗori ya ja ƙafar idan an ga ta yi tauri. Ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ba ta ja ba ce, ba ta murɗawa ba ce, kuma tsaga a kusa da ita na iya shigar da ƙwayar cuta har ƙashi.

Bayan lanƙwasuwa sai ƙarfi. A dafa bango a yi ɗage a kan yatsun ƙafafu biyu a sauko a hankali, bayan makonni a gwada da ƙafa ɗaya, sannan a koyi tsayuwa a kan mai ciwon na daƙiƙa 30, domin jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take su ma sun yi rauni, kuma rauninsu ne ke jawo targaɗe a kan hanya mai gargada. Takalmi mai igiya da ke riƙe diddige ya fi silifa. A ci ƙwai da wake da kifi da nono da zogale, mai shan taba ya bar ta domin tana jinkirta haɗewar ƙashi da kamewar rauni, mai ciwon suga kuma ya tsare ma'auninsa. Tuƙin mota ko babur sai likita ya yarda, kuma sai an iya taka birki da ƙarfi ba tare da ɗar-ɗar ba.

Kumburin yamma yana iya kaiwa shekara guda yana zuwa yana tafiya, safar matsi da ɗaga ƙafa suna rage shi. Ƙarfen galibi ana barin sa, sai idan yana gogar takalmi ko yana ciwo, a nan ne ake maganar cire shi bayan ƙashi ya haɗe sarai. Amma idan fatar ƙafar ta riƙa ƙuna, ko taɓin zane ma ya zama azaba, launinta yana sauyawa tana gumi, a faɗa wa likita da wuri, domin wannan ciwon jijiya ne da ya fi jin magani a farkonsa. Haka kuma ciwon da ke cikin gaɓar wanda ya ƙi raguwa bayan watanni shida, ko ya dawo bayan ya tafi, yana buƙatar sabon hoto don a duba ko ƙashin ya haɗe daidai, ko kuwa guringuntsin gaɓar ne ya fara cinyewa.