Sojan gona a gwajin rikiɗar niyutirino: inda aka fi yin tuntuɓe

Niyutirino ƙwaya ce mitsitsiya marar caji, kuma iri-iri ce: akwai na miyuwon, akwai na ilektiron. Gwajin T2K na Japan yana harba niyutirinon miyuwon daga Tokai zuwa Super-Kamiokande, wani katafaren tankin ruwa mai gano niyutirino, tafiyar kilomita 295, sannan a zauna jiran waɗanda suka rikiɗa suka koma na ilektiron. A sakamakon 2013 guda 28 kacal aka ƙirga, kuma lissafi ya nuna kusan 5 daga ciki sojan gona ne, wato abubuwan da suka yi kama da rikiɗar alhali ba ita ba ce. Shi ya sa ɗalibin da ya ce "ai irin wannan karo na sojan gona ba kasafai yake faruwa ba, a bar shi" ya fara da kuskure. Kada ka auna ƙarancinsa da dukkan karon niyutirino da atam da na'ura ta gani. Auna shi da 28 ɗin nan.

Ɗaya daga cikin manyan 'yan sojan gona shi ne payon marar caji, wata ƙwaya mai gajeren rai. Niyutirino ya bugi cibiyar atam ya wuce abinsa bai sauya kama ba, payon ya fito, nan take ya rabu gida biyu, foton biyu, wato ƙwayoyin haske. A tankin ruwa kowane foton yana zana zoben haske mai dishi-dishi, sak irin na ilektiron. In ɗayan ya yi rauni, ko suka hau kan juna, sai a ga zobe ɗaya a ɗauka an samu rikiɗa. Maganinsa a tilasta wa manhaja ta nemo zobe na biyu ko da ya ɓuya, a lissafa nauyin da biyun za su bayar. In ya doshi 135 MeV, wato nauyin payon a ma'aunin ƙwayoyi, payon ne, a fitar da shi.

Sai dai wasu daga nan suke sakin jiki, su manta da foton guda. Ƙwayar Delta, wadda kan samu in niyutirino ya bugi furoton ko niyutiron, takan koma furoton ko niyutiron ta saki foton ɗaya tilo, abin da bai kai sau ɗaya cikin ɗari ba. Babu zobe na biyu balle a auna nauyi. Na'urar MiniBooNE ta cibiyar bincike ta Fermilab a Amurka, mai tankin mai, ba ta iya raba foton da ilektiron, don haka rarar masu kama da ilektiron da ta gani ta jawo muhawara ta shekaru. Na'urar MicroBooNE, ita ma a Fermilab, mai ruwan agon, ta iya ganin abin ido da ido: foton yakan bar ɗan giɓi kafin sawunsa ya bayyana, kuma farkon sawun ya ninka na ilektiron kauri domin ƙwayoyi biyu ne ke tafiya tare. A 2021 ta duba, ba ta ga rarar foton ɗin Delta ba.

Dogaro kacokan ga kwaikwayon kwamfuta shi ma tarko ne. Abin da aka ɗura mata shi take maido maka. A auna karon a na'urar kusa da inda ake harbawa, amma a tuna ƙarfin niyutirinon da ke isa can nesa ba daidai yake da na kusa ba. Kuma tun daga Tokai kusan ɗaya cikin ɗari na abin da aka harba na ilektiron ne, daga ruɓewar ƙwayoyin miyuwon da kayon. Wannan babu tacewar da ke cire shi, sai dai a auna yawansa a ND280, na'urar kusa ta T2K, a ɗebe.