Kurakuran da ake yi wajen shayar da shanu ruwan kududdufi lokacin fari

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai maki 40, kuma babban sa ko saniya mai shayarwa kan sha lita 40 zuwa 60 a rana. Mai shanu goma yana buƙatar duro biyu zuwa uku kullum. Idan damina ta yi jinkiri, kuɗin 'yan garuwa ya gagara, sai a kaɗa dabbobi zuwa kududdufi mafi kusa. Ba kowane kwantaccen ruwa ne ke kisa ba, amma wanda aka sha lafiya a watan Nuwamba ba shi ne wanda ya rage a watan Afrilu ba: rana ta janye ruwan, ta bar gishiri da fitsari da duk abin da ya gangaro ciki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce, "Ai ta sha, da akwai illa da ta ƙi." Saniyar da ta wuni da ƙishirwa ba ta zaɓe. Abin tambaya shi ne me ke zuba cikin kududdufin. Yawancin kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini, yanzu kuma kwatocin unguwa da bola ke ƙarewa a cikinsu. Ruwan da ya biyo ta wajen masana'antun jimar fata na Sharaɗa, Challawa ko Bompai na iya ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma babu dabarar gida da ke cire shi. Irin wannan ruwan a guje shi kawai. Tafkin gona da ruwan sama ya cika shi ne ake iya gyarawa.

Shi ma a dubi samansa. Mutane kan haɗa kainuwa da gansakuka su ce duk ciyawar ruwa ce. Kainuwa da gansakuka mai zare-zare, wadda idan an tsoma sanda take fitowa a nannaɗe, ba su cika yin illa ba. Mai haɗarin ita ce wadda ke shimfiɗe kamar an zubar da koren fenti, sanda ta fito a shafe ba tare da zare ba. Wannan kan fitar da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi, kuma tana iya kashe sa cikin 'yan sa'o'i. Alamunta su ne dalalar da yawu, rawar jiki, tangaɗi, zawo mai jini. Wadda ta tsira kuma, farar fatarta kan saɓule idan rana ta buge ta. Iska kan tara wannan koren a gefe guda, sau da yawa daidai bakin da shanu ke sa baki. Kwashe saman da ƙwarya ba ya wadatarwa, tafasawa ba ta kashe gubar, kuma wanda ya zuba maganin kashe gansakuka ya shayar washegari ya ƙara ɓata lamarin, domin lokacin da take mutuwa ne gubar ke fita cikin ruwa. A killace wurin aƙalla mako guda zuwa biyu bayan koren ya ɓace.

Sai barin shanu su shiga cikin ruwan da ƙafafunsu. Suna dama laka, suna kashi da fitsari a inda suke sha, kofato na jiƙa har ya fara ruɓa, ramammiyar saniya kuma ta maƙale a taɓo. Gyaran ba shi da tsada: a kewaye bakin da ƙaya ko waya, a ɗebo ruwan da guga ko injin ban-ruwa zuwa rabin duro a kan tudu. Bakin tiyo ya tsaya a tsakiyar zurfin ruwan, kada ya taɓa laka, kada ya zuƙi saman. Wanda ya fi wannan shi ne a haƙa 'yar rijiya taku kaɗan daga bakin tafkin, ruwan ya tsatso ta cikin yashi. Alam ko dakakken ƙwayar zogale na kwantar da laka, amma ba sa taɓa gishiri ko guba. Ruwa ya yi garau ba ya nufin ya gyaru.

Koriyar ciyawar bakin tafki ita ce ke ruɗin mutane a lokacin da ko'ina ya bushe. A kanta tsutsar hanta ke maƙalewa bayan ta fito daga jikin ƙananan katantanwa, don haka wanda ya yanko ta ya kai wa san turke a gida bai tsira ba. Cutar ba ta nunawa sai bayan wata biyu zuwa uku: rama duk da cin dusa, farin ido, kumburi ƙarƙashin haɓa. Mahauta sun san irin hantar nan da ake zubarwa a abbatuwa. Nan ma ana kuskuren magani. Allurar ivermectin ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta, albendazole manyan tsutsotsin kawai yake kashewa kuma ba a ba saniyar da cikinta bai wuce kwana 45 ba, triclabendazole ne ke kama manya da ƙanana. Likitan dabbobi ya auna gwargwadon nauyi, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin yanka ko sayar da nono.

Idan aka ga mushen kare, kaza ko ɓera a ciki, ko mataccen kifi na yawo, a daina shayarwa nan take; ruɓaɓɓen mushe kan haifar da gubar da ke shanye ƙafafu da harshe. Tafkin da ke ƙasan gonar da aka zuba wa takin zamani kuma, a yi hattara da shi bayan ruwan farko: takin da ya gangaro ciki kan sa dabba ta riƙa haki, jininta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Yaran da ke kiwo ma kada su shiga, saboda tsargiya.

In ruwa mai kyau bai isa kowa ba, a fara da maruƙa, masu ciki da masu shayarwa. A shayar sau biyu a rana, da hantsi da yamma, don kada dabba ta iso da ƙishirwar da za ta sa ta kwankwaɗi mai yawa lokaci guda. A wanke duron duk bayan kwana biyu, a ajiye shi a inuwa.