Abin da Za Ka Yi Idan Ranar Zaman Kotu Ta Wuce Ka a Katsina

Da farko, kada ka ɓuya. Wanda aka ba beli ya ƙi zuwa kotu ba tare da uzuri ba, alƙali na iya ba da takardar kama shi, ya soke belin, a tsare shi a gidan gyaran hali har a gama shari'a.

Na biyu, ka nemi lauyanka a ranar. Idan ba ka da lauya kuma ba ka da halin ɗauka, ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Na uku, ku je wurin rajistaran kotun, ta majistare ce ko ta shari'ar Musulunci, ku binciki ko an fitar da takardar kamun da kuma ranar da aka ɗage zaman.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi, ka tattara hujja. Alƙali ba ya karɓar "na manta"; takardar asibiti ko rahoton hatsarin mota ne za su yi maka magana, kuma lauya zai haɗa su da takardar rantsuwa ya roƙi a janye kamun.

Na biyar, ka sanar da wanda ya tsaya maka, domin shi ma kotu na iya kiransa ta ci kuɗin belin da ya sa hannu a kai.

A Babbar Kotun Tarayya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya (ACJA) ta 2015 ta yarda a ci gaba da shari'a ba ka nan bayan an ɗage zama sau 2.